Yadda Ake Jera Aikin Folish da Waks a Jikin Mota, da Lokacin da Ya Dace da Kowanne

Duk wanda ya saba kai motarsa wuraren wanki a Kumasi, ko a Aboabo ne ko Asawase ko Tafo, ya san tambayar da yara ke yi da zarar sun gama tsane ruwa: "Maigida, a sa folish?" Abin da galibi ke biyo baya shi ne su lakato mai daga gwangwani, su shafe motar da shi a tsakiyar rana, sannan su goge da tsumman da ɗazu ya bi ta kan taya. Motar takan fita tana ƙyalli, mai ita ya tafi da farin ciki, amma kafin mako biyu ƙyallin ya gudu, kuma idan rana ta haska bonet sai a ga siraran zane-zane sun kewaye hasken. Laifin ba na yaran kaɗai ba ne, domin yawancin masu motocin ma ba su bambance ayyuka biyu da ake yi wa fenti ba, balle su san wanne ke gaba.

Folish yana ɗauke da ƙwayoyi masu kaushi, ƙanana ƙwarai, waɗanda ke kankare saman fenti kaɗan-kaɗan har ya daidaita da gindin zanen da ke jikinsa, kuma ta haka ne zanen ke ɓacewa. Waks kuwa ba ya cire komai. Shimfiɗa ce siririya da ake ɗorawa a kan fenti don ta tare masa ruwa da ƙura da zafin rana da kashin tsuntsaye, kuma da kanta take ƙarewa cikin 'yan makonni. Daga nan ƙa'idar aikin duka ta fito: folish shi ne na farko kuma ba a yawaita shi, waks shi ne na ƙarshe kuma ana maimaita shi akai-akai. Wanda ya sa waks sannan ya bi da folish ya kankare abin da ya shafa da hannunsa, ya yi aikin baban giwa. Wanda kuma ya sa waks a kan fentin da ba a tsabtace shi sosai ba, tamkar mai shafa man kaɗanya ne a jikin da ƙurar hunturu ta rufe bai yi wanka ba, ya danne dauɗar a ƙarƙashin man.

Ka san fentin kafin ka taɓa shi

Fentin yawancin motocin zamani hawa uku ne: firaima a ƙasa, launi a tsakiya, sai kiliya a sama, wato fatar nan marar launi da ke ba da sheƙi. Kaurin duka ukun a motar da ta fito daga kamfani yakan kasance tsakanin maikuron 100 zuwa 180 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), kiliyar kaɗai kuma ba ta cika wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, ke nan ba ta wuce rabin kaurin takardar rubutu ba. A kan wannan 'yar fata ce ake duk aikin folish. Folish mai laushi yakan ci maikuron biyu ko uku a aiki guda, kamfawun kuwa, wato folish mai kaushi sosai, ya ci fiye da haka, kuma abin da aka ci ba ya dawowa. A cikin kiliyar ne kuma sinadaran da ke kare launi daga rana suke, don haka duk lokacin da ta ƙara siranta, kariyar raguwa take yi. Shi ya sa nake ganin al'adar nan ta sa wa mota injin folish duk jajibirin Sallah, ƙarama da babba, ɓarna ce da mai mota ke biya da kuɗinsa. Sau ɗaya a shekara ya isa ga motar da ake morewa kullum, motar da ake wanke ta da kula kuwa tana iya shekara biyu ba ta nemi folish ba.

A Kumasi akwai wata tambaya da ta fi ko'ina muhimmanci, wato yaushe aka fesa fentin. Motoci da yawa da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema sun taɓa yin haɗari a Amurka ko Kanada, a nan ake gyara su, a Suame Magazine, matattarar masu gyaran mota ta garin, ko a garejin unguwa, don haka mota ɗaya za ta iya zama da fentin kamfani a rufinta, da kuma fentin wata guda a fenda da bamba. Fentin kamfani ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 140, ya riga ya ƙanƙame tun kafin motar ta bar masana'anta, ana iya sa masa waks a ranar da aka saye ta. Fentin gareji kuwa a iska yake bushewa, kuma ko da ya yi tauri a hannu, tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, na ci gaba da fita daga cikinsa na makonni. Idan aka rufe shi da waks ko silant (abin rufe fenti na haɗin sinadarai) tun yana ɗanye, an toshe wa tinar hanya, sai fentin ya dushe ko ya ƙi yin taurin da ya kamata. Masu yin fenti sukan ba da shawarar a jira kwana 30 zuwa 90 gwargwadon irinsa. Ka koma wurin wanda ya yi aikin ka tambaye shi kai tsaye: "Masta, yaushe aka fesa wannan ƙofar, kuma wace irin kiliya aka sa?" Idan ba a samu amsa ba, a ɗauki wa'adin mai tsawo, wata uku. A cikin wannan lokaci wanki da ruwa da sabulun mota kawai ake yi.

Haka nan idan akwai niyyar fesa wani sashe nan gaba kaɗan, to fenti ne ke gaba, folish da waks su biyo baya. Yawancin waks da man taya suna da silikon, shi kuma silikon idan ya rage a jikin mota yakan sa sabon fenti ya yi 'yan ramuka, don haka wajibi ne a gaya wa mai fenti abin da aka shafa.

Gwaji biyu ake yi kafin a ci gaba. Na farko, a ɗiga folish a kan farin tsumma a goga a wani lungu da ido ba ya kai wa, kamar cikin bakin ƙofa. Idan launin motar ya fito a tsumman, fentin hawa ɗaya ne marar kiliya, irin wanda ake yawan gani a tsofaffin motoci da tasi da trotro (ƙananan bas na haya), kuma irinsa yana saurin dushewa, yana kuma saurin farfaɗowa da folish mai laushi. Na biyu, a bi kan zane da farce. Zanen da farce ya wuce shi bai tsaya ba, folish zai iya da shi. Wanda farce ya maƙale a ciki yawanci ya riga ya ratsa kiliya ko ya kusa, iyakar abin da za a yi shi ne a rage masa kaifi, domin wanda ya nace sai ya ɓatar da shi da inji, garin neman gira zai rasa ido. Idan kuma kiliya ta fara yin fari-fari tana ɓarewa a rufi ko bonet, babu folish ko waks da zai dawo da ita, wannan aikin mai fenti ne.

Wane wata, kuma wane lokaci na yini

Ruwan Kumasi kashi biyu ne: babbar damina daga wajen Maris ko Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu. Mutane da yawa suna ɗauka hunturu ne lokacin folish tunda babu ruwan sama, amma a ganina shi ne mafi hatsari ga wanda ba shi da rufaffen gareji, domin ƙurar da ke sauka a kan bonet tsakanin wanki da sa inji tana shiga ƙarƙashin soso, sai a wayi gari ana cire tsohon zane ana sa sabo. Lokuta biyu ne suka fi dacewa da babban aiki. Ɗaya shi ne watan Agusta, lokacin da ruwa ke ɗan tsagaitawa, gari ya yi luf-luf, rana ba ta da kaifi, ƙura kuma ta kwanta. Ɗayan shi ne ƙarshen Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, wanda ke da ƙarin amfani guda: motar za ta shiga hunturu da sabuwar kariya. Idan dole ta sa sai an yi a cikin hunturu, a shiga ƙarƙashin rufi, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a riƙa share kowane sashe da tsumma mai tsabta daf da a ɗora masa inji.

Game da lokacin yini, abin lura shi ne zafin ƙarfen motar. Bonet ɗin baƙar mota da ta tsaya a rana da azahar yakan wuce digiri 70, kuma a irin wannan zafi folish yana bushewa kafin ya yi aikinsa, ya zama gari, waks kuma ya ƙanƙame ya ƙi goguwa, ya bar dabbare-dabbare. A ɗora bayan hannu a kan bonet da rufi. Idan ba za a iya barinsa a kai cikin natsuwa ba, lokaci bai yi ba. Motar da ta dawo daga tafiya ma sai a buɗe bonet a bar ta ta huce kamar awa ɗaya. Mafi kyau a fara da safe bayan raɓa ta bushe, a yi aiki har hantsi ya ɗaga, ko kuma a fara bayan sallar la'asar, amma mai farawa da la'asar ya tuna cewa a nan wajen ƙarfe shida rana ke faɗuwa duk shekara, awa biyu kawai ke hannunsa. Inuwar rumfa ko ta gini ake nema. Inuwar bishiyar mangwaro ko dalbejiya tana zubar da ƙaro da furanni da kashin tsuntsaye a kan aikin da ba a gama ba.

Cikakken aiki a ƙaramar mota yana cin yini guda zuwa guda da rabi ga mutum ɗaya: awa biyu zuwa uku na wanki da tsabtacewa, awa huɗu zuwa takwas na folish, sannan awa ɗaya ta waks. Raba shi kwana biyu ya fi, muddin motar za ta kwana a rufe kuma ba za a fita da ita tsakani ba.

Wanki da cire abin da wanki bai cire ba

A fara da wuraren da suka fi dauɗa kuma suke fantsama: ɗakin inji idan za a wanke shi, sai tayoyi da rim da cikin fenda, da bokitinsu da burushinsu daban, domin ƙurar birki gutsattsarin ƙarfe ce, ba a so ta kusanci soson jiki. Bayan haka a kwarara wa motar ruwa daga sama zuwa ƙasa kafin hannu ya taɓa ta, musamman idan ta bi hanyar jan ƙasa, don yashin ya sauka da kansa. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla, a riƙa ɗauraye soso a na biyun kafin a mayar da shi cikin na farko. A wanke rufi, gilasai, bonet da but, sai ƙofofi, a bar gindin mota da bamba zuwa ƙarshe. A tsane da tsumman maikurofaiba, wato mai laushin nan mai shan ruwa, nan take, domin ruwan rijiyar burtsatse idan ya bushe da kansa yakan bar fararen tabo waɗanda wani lokaci sai folish ke fitar da su.

Daga nan sai kwalta da ƙaro. Ɗige-ɗigen kwalta suna taruwa ne a bayan tayoyi da ƙasan ƙofofi, ana kuma narkar da su da man cire kwalta, ko da ɗan kananzir a tsumma idan babu, sannan a sake wanke wurin da sabulu. Ba a kankare su da farce, ba a kuma sa musu tina.

Yanzu a zura hannu cikin siririyar leda a shafa bonet a hankali. Ledar tana ƙara wa yatsu jin abin da ke jikin fenti, kuma motar da ido ke gani tas sau da yawa za a ji ta da ƙurji-ƙurji. Waɗannan ƙwayoyin ƙarfe ne da feshin fenti da ƙurar da ta kafe a cikin kiliya, kuma da yumɓun goge mota ake cire su, wato wani curi mai danƙo da ake sayarwa don wannan aiki. A gutsuro ɗan kaɗan, a murza shi ya yi faɗi, a fesa wa wurin ruwan sabulu mai santsi sosai, a riƙa jan yumɓun gaba da baya ba tare da dannawa ba. Da farko za a ji yana kamawa yana ƙara, can sai ya fara zamewa shiru, alamar wurin ya tsarkaka ke nan. A riƙa naɗe shi ana fito da sabon gefe, idan kuma ya faɗi ƙasa a jefar da shi, domin ya kwashi yashi. Matsayin wannan mataki a jerin aikin ba ya canzawa: bayan wanki, kafin folish. Yumɓu yana cire tsohon waks, yana kuma iya barin ɗan dishi-dishi a fenti mai laushi, wanda folish ɗin da ke biye zai share.

Folish

Kafin a kunna inji a liƙa tef ɗin masu fenti a kan baƙaƙen robobi, bakin gilasai, tambarin mota da kaifin ƙofofi. Roba tana shan folish ta yi fari, kaifin ƙarfe kuma nan ne fenti ya fi siranta, nan inji ke fara ƙona shi.

Sai a zaɓi wuri ɗaya a bonet, kamar santimita 50 a tsaye da 50 a kwance, a yi gwaji da abu mafi laushi da ke hannu, wato folish ɗin gamawa da soso mai taushi. A goge, a haska da tocila ko a fitar da motar rana a duba. Idan zane ya tafi, da wannan haɗin za a yi motar duka, kuma an tsira da kaurin kiliya. Idan bai tafi ba, sai a hau mataki ɗaya, a canza soso zuwa mai ɗan tauri, idan har yanzu da saura sannan a ɗauko kamfawun. Wannan gwaji na minti goma shi ne abin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke hana a ci fenti fiye da buƙata. Duk inda aka sa kamfawun kuma, dole a bi shi da folish mai laushi, domin kamfawun yana cire babban zane ne ya bar nasa ƙanana, waɗanda a baƙar mota suke fitowa kamar hazo. Jerin ke nan koyaushe, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kowanne da sosonsa.

Injin folish iri biyu ne. Mai juyi ɗaya, wanda masu fenti suka fi riƙewa, yana da sauri da ƙarfi, yana kuma tara zafi, kuma a hannun wanda bai ƙware ba yakan ƙona kiliya cikin daƙiƙu ko ya bar sawun da ke walƙiya idan rana ta haska. Mai amfani da shi ya tsaya tsakanin juyi 1000 zuwa 1500 a minti, kada kuma ya bar shi wuri ɗaya. Mai juyi biyu, wanda ke juyawa yana kuma karkaɗawa, ya fi aminci nesa ba kusa ba, kuma shi nake ba mai koyo shawara ya nema ko da aro ne. Da hannu ma ana yi, da soso da haƙuri, sai dai ƙananan zane kawai hannu ke iya fitarwa.

A ɗiga folish sau huɗu a kan soso, kowane ɗigo girman ƙwayar wake, a dangwala shi a wurare daban-daban na sashen kafin a kunna, don kada ya fantsama. A fara da ƙaramin gudu a baza shi, sannan a ƙara gudu, a riƙa tafiya a hankali, kamar santimita biyu ko uku a daƙiƙa, layi na hawa kan rabin layin da ya gabata, sau ɗaya a kwance sau ɗaya a tsaye, har sau huɗu zuwa shida. Soson ya kwanta daidai a kan fenti, kada a karkata shi a kan gefe. Alamar an gama ita ce folish ɗin da ya fara da fari ya koma siriri mai kama da mai, ana hango fenti ta cikinsa. A tsaya nan, a goge da tsumma mai tsabta tun bai bushe ba, domin folish ba a barinsa ya sha iska yadda ake barin waks. Bayan kowane sashe biyu ko uku a kakkaɓe soson da burushi, idan ya cika a canza shi. A bi mota daga rufi zuwa bonet da but, sai fenda da ƙofofi, bamba a ƙarshe da ƙaramin gudu, tunda roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe.

Tsakanin folish da waks

Akwai mataki ɗaya a nan da ke yanke hukuncin tsawon ran waks. Folish yana barin mai a kan fenti, man kuma yana cika ragowar zane ya ɓoye su, yana kuma hana abin da za a ɗora kamawa. A haɗa sifirit na isofurofil kashi ɗaya da ruwa mai tsabta kashi huɗu ko biyar, a fesa a tsumma, a share kowane sashe a hankali, a bi da busasshen tsumma. Abin da ido ya gani bayan wannan shi ne gaskiyar aikin. Idan zane ya sake bayyana, yanzu ne lokacin komawa kansa, tun ba a rufe ba. A cire tef, a share garin folish daga ramukan ƙofofi da gindin madubi.

Fentin da aka gama yi wa folish tsirara yake, babu komai a kansa, don haka ba a jinkirta rufe shi. Folish ba ya buƙatar a jira shi ya bushe ko ya zauna, ana iya sa waks nan take. Idan dare ya yi aka bari sai gobe, motar ta kwana a rufe, da safe a share ƙura da raɓa da tsumma mai ɗan laima kafin a fara. Idan kuwa an fita da ita kan titi, sai an sake wanki.

Waks da silant

Abin rufewa iri uku ne a kasuwa, kuma kowanne da wa'adinsa. Waks na karnuba ana samun sa ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, yana ba fenti sheƙi mai zurfi, musamman baƙi da ja, amma a ranarmu da ruwanmu ba ya cika wuce mako shida zuwa takwas. Silant haɗin sinadarai ne, yakan kai wata huɗu zuwa shida. Rufin siramik na gaske yana iya shekara biyu ko fiye, sai dai yana son fenti tsirara ba tare da komai a ƙarƙashinsa ba, da rufaffen wuri, da hannun wanda ya iya. Ga motar da ke kwana a waje tana zirga-zirga tsakanin kasuwar Kejetia da unguwa kullum, silant ne ya fi biyan wahala. Mai son haɗa biyu ya sa silant a ƙasa, ya ba shi awa 12 zuwa 24 ya kama ba tare da ruwa ya taɓa shi ba, sannan ya ɗora waks a sama. Idan aka juya jerin, silant ɗin ba zai samu fentin da zai riƙe ba, zai tafi tare da waks ɗin da ke ƙarƙashinsa. A damina wannan jira yana nufin a tabbatar da rumfa kafin a fara.

A duba rubutun gwangwani da kyau, domin akwai waks mai haɗe da ɗan folish a ciki, wanda ke tsabtacewa yana rufewa a tashi ɗaya. Yana da amfani ga mai gaggawa da ga tsohon fenti, amma ba a ɗora shi a kan silant, domin zai cinye shi, ba a kuma yi masa hawa biyu.

Wajen shafawa, kaɗan ake so. A murza soso mai taushi sau ɗaya a cikin gwangwani, wannan ya isa rabin ƙofa. A shimfiɗa shi siriri har sai an karkata kai kafin a gan shi. Abin da ya taɓa fenti ne kawai ke kamawa, duk kaurin da aka ƙara a sama tsumma ne zai kwashe shi, da wahala kuma. A yi sashe biyu ko uku, a dakata. Yawanci minti biyar zuwa goma sha biyar ake jira, a damina da iska ke da laima ya fi haka, a hunturu kuma ya gaza haka, shi ya sa yatsa ya fi agogo gaskiya: a ja yatsa a kan wurin, idan ya bar layi mai tsabta yana sheƙi, lokacin gogewa ya yi, idan kuma ya damalmale, a ƙara jira. Wasu irin na zamani ana goge su nan take ba jira, kuma gwangwaninsu zai faɗa. A naɗe tsumman maikurofaiba gida huɗu, a kwashe da gefe ɗaya, a juya a haskaka da ɗayan, ba tare da dannawa ba. A kiyaye baƙaƙen robobi da gilashin gaba, domin waks a gilashi yakan sa waifa ta riƙa barin dishi da dare. Mai son hawa na biyu ya jira zuwa gobe, amfaninsa kuma shi ne cike wuraren da hannu ya tsallake, hawa na uku bai ƙara komai ba. Gilasai da man taya su ne na ƙarshe, kuma a goge rarar man tayar don kada ya fantsamo kan ƙofofi da an fara tafiya.

Bayan an gama

Abin da ke kashe waks da wuri a garin nan shi ne omo da sabulun wanke-wanke, waɗanda aka yi su don narkar da mai, kuma wanki biyu ko uku da su ya isa ya cinye aikin yini guda. A sayi sabulun mota a ajiye a but tare da soso da tsummoki, a miƙa wa yaran wanki, a kuma tsaya a ga da su suka yi aiki. A hunturu a daina share ƙura da busasshen tsumma kowace safiya, domin yawancin zanen da ake biyan kuɗi a cire daga nan suke fitowa. Gara a watsa ruwa, ko a bar ƙurar zuwa ranar wanki. Kashin tsuntsu da na jemage, wanda masu ajiye mota a kusa da gidan namun daji na Kumasi suka san shi sarai, yana iya cin kiliya cikin yini ɗaya idan rana ta buge shi, waks kuma jinkiri kawai yake sayowa. A ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma na minti biyu ya yi laushi, a ɗauke shi sama ba tare da gogawa ba.

Ruwa ne ke nuna lokacin sabunta waks. Bayan wanki a watsa shi a bonet da rufi, waɗanda su ne ke fara rasa kariya. Idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, da saura. Idan ya baje ya kwanta, lokaci ya yi. Sabuntawar ba ta buƙatar folish: a wanke, a tsane, a yi gwajin leda, idan fentin sumul yake a shafa waks kai tsaye. Mai amfani da karnuba zai yi haka duk bayan wata biyu, mai silant kuma sau biyu ko uku a shekara, kuma ya fi kyau ɗaya ta faɗo a watan Maris kafin ruwa ya kankama, ɗaya a ƙarshen Nuwamba kafin ƙura ta taso.